Gida Mai Lamba 18: Tsarin Ginin Wani Gidan Zamanin Biktoriya a Landan da Yadda Aka Tsare Shi

  

Gabatarwa

Gidan da zan yi magana a kansa yana unguwar Kensington a yammacin birnin Landan, a wani layi da ake kira Stafford Terrace, lamba 18. Ba fadar sarki ba ce, kuma babu wani mashahurin mai zanen gini da ya tsara shi. Ɗan kwangila ne ya gina shi tare da sauran gidajen layin don ya sayar ya ci riba, har wanda ya tsaya a bakin titi da ƙyar zai bambanta shi da na maƙwabta. Duk da haka, yau yana cikin gine-ginen da dokar Ingila ta ba kariya ta musamman, kuma mutane na biyan kuɗi su shiga su gan shi. Tambayoyi biyu nake so mu bi a wannan lacca. Me ke cikin wannan gida da ya cancanci a tsare shi? Su wa suka tsare shi, kuma ta wace hanya?

Zamanin da ya haifi gidan

Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarautar Birtaniya a 1837, ta rasu a 1901. A farkon ƙarnin da ta hau mulki a cikinsa mutanen Landan kimanin miliyan ɗaya ne, amma kafin ƙarnin ya ƙare sun haura miliyan shida. Ƙidayar 1851 ta nuna cewa mazauna birane a Ingila sun fi mazauna karkara yawa. Masana'antu da kasuwancin daular mulkin mallaka sun samar da sabon rukunin jama'a: lauyoyi, likitoci, 'yan kasuwa, manyan akawu da 'yan jarida. Ba su gaji sarauta ba, amma suna da abin hannu, kuma suna son gidan da zai nuna matsayinsu.

Kensington kuwa a da gonaki ne da lambuna. Babban baje kolin duniya da aka yi a Hyde Park a 1851 ya jawo hankali zuwa wannan yanki, sannan jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso unguwar a 1868. Filin da Stafford Terrace ke kai mallakar iyalan Phillimore ne. Al'adar masu filaye a Landan ita ce ba sa sayarwa. Sukan ba ɗan kwangila hayar fili ta tsawon shekara 99, ya gina gidaje bisa sharuɗɗan da suka gindaya, ya sayar da ragowar shekarun hayar ga mai so, in wa'adi ya cika fili da gini su koma hannun mai ƙasa. Ɗan kwangilar da ya gina wannan layi shi ne Joseph Gordon Davis, a tsakanin ƙarshen shekarun 1860 da farkon na 1870.

A 1875 wani matashi mai suna Edward Linley Sambourne, mai zanen barkwanci a mujallar Punch, ya biya fam 2,000 ya karɓi hayar gidan ta shekara 89. Bai daɗe da auren Marion Herapath ba, kuma a nan suka zauna har ƙarshen rayuwarsu.

Siffar gidan daga waje

Wanda ya fahimci tsarin hayar da na ambata ya fahimci dalilin siffar gidan. Tsadar fili a Landan tana bin faɗin fuskar da ke kallon titi. Saboda haka ɗan kwangila kan matse faɗin kowane gida, sau da yawa bai wuce mita shida ko bakwai ba, ya zurfafa shi zuwa baya, sannan ya ɗaga shi sama. Lamba 18 hawa biyar ne in aka haɗa da na ƙarƙashin ƙasa. Gidajen manne suke da juna, bango ɗaya tsakanin gida da gida, kuma iska da haske ta gaba da baya kawai suke shigowa.

Wannan bango na tarayya yana da tarihi. Bayan babbar gobarar Landan ta 1666, an yi dokokin da suka wajabta gini da bulo ko dutse. Dokokin 1707 da 1709 sun hana barin katakon rufi ya leƙo waje, suka kuma sa a tura firam ɗin taga cikin bango don kada wuta ta kama shi da sauri. Dokar gini ta 1774 ta kasa gidaje rukuni-rukuni, ta ƙayyade kaurin bangon kowane rukuni. Kamannin da gidajen Landan ke yi da juna, wanda baƙo kan ɗauka tsantsar ado ne, tsoron gobara ne asalinsa.

Fuskar gidan bulo ne mai haske, an ƙawata ƙasanta da kewayen tagogi da farin yaɓe da aka goge har ya yi kama da sassaƙaƙƙen dutse, irin salon da Turawan Ingila suka aro daga Italiya. Akwai 'yar rumfa mai ginshiƙai a bakin ƙofa, da taga mai turowa waje a hawan ƙasa don ɗakin ya sami haske ta fuska uku. Tagogin ba a buɗe su kamar ƙofa, sama da ƙasa ake zuge su. A cikin firam ɗin akwai igiya da ƙarfe mai nauyi da ke daidaita nauyin gilashin, don taga ta tsaya duk inda aka bar ta. In an ɗaga rabin ƙasa aka sauke rabin sama, iska mai sanyi ta shigo ta ƙasa, mai zafi ta fita ta sama.

Manyan gilasan da ke waɗannan tagogi ba su yiwu ba sai da gwamnati ta soke harajin gilashi a 1845, ta soke na bulo a 1850, ta soke na tagogi a 1851. Jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa kawo falalen dutsen rufi daga tsaunukan Wales. Ashe har dokar haraji tana da hannu a fasalin gida.

Daga ƙasa zuwa sama

Gidan Bahaushe yana tace baƙo daga waje zuwa ciki: zaure, sannan shigifa, sannan cikin gida. Gidan Landan na wancan zamani yana yin irin wannan tacewa, amma daga ƙasa zuwa sama, kuma abin da yake rabawa shi ne mai gida da mai yi masa aiki.

Mu fara daga ƙasa. Tsakanin titi da gidan akwai wani rami mai shingen ƙarfe da matakala. Ta nan 'yan aiki da masu kawo nama da madara suke sauka, don ƙofar gaba ta masu gida ce da baƙinsu. A daɓen gefen titi akwai murfin ƙarfe zagayayye. Mai kawo kwal yakan buɗe shi ya juye buhunansa, kwal ɗin ya faɗa rumbun da ke ƙarƙashin hanya ba tare da ya ratsa cikin gida ba. A hawan ƙarƙashin ƙasa kicin yake, da ɗakin wanke-wanke da ma'ajin abinci.

Hawan da ke daidai da ƙofar gaba yana da ɗakin cin abinci ta fuskar titi, da ɗakin zaman uwargida ta baya, inda take karɓar baƙin safe da tsara hidimar gida. Hawa na gaba shi ne alfaharin gidan: babban falo da ya miƙe daga fuskar gida har bayansa, rufinsa ya fi na ko'ina tsawo, tagoginsa sun fi na ko'ina girma. Sama da shi ɗakunan kwanan masu gida ne. A can ƙololuwa, inda rufi ya fi gajarta kuma sanyi ya fi tsanani, nan ɗakin yara da na 'yar aiki suke. Wanda ya iya karatun gini zai gane wannan tsari tun daga titi, domin tagogin suna ƙanƙancewa ne yayin da ido ke hawa.

Ina roƙonku ku riƙe wani abu a nan. Wannan gida ba ya zaunuwa sai da 'yan aiki. Kusan kowane ɗaki yana da murhun kwal da bututun hayaƙinsa. Kullum da asuba sai wata ta kwashe toka, ta goge murhu, ta hau da bokitin kwal da ruwan zafi hawa uku ko huɗu, ta sauko da ruwan datti. A shekarun 1870 mata fiye da miliyan ɗaya ne ke aikatau a gidajen Ingila, galibinsu 'yan matan ƙauye. Mai kallon ƙawar falon ya kamata ya tuna da ƙafafun da suka sha hawa da sauka a matakalar nan. Gidan da aka adana ɗungurungum yana ba da shaidar mai gida da ta baransa gaba ɗaya, abin da fada ko hasumiya ba kasafai suke yi ba.

Adon ciki

Abin da ya fifita lamba 18 a kan maƙwabtansa yana ciki. Sambourne ba attajiri ba ne, amma yana da idon mai zane, kuma ya bi salon ado da ke tashe a Landan a shekarun 1870, wanda ke son launuka masu duhu da kayan Japan da na Sin. Ya liƙa wa bangaye, har da rufin wasu ɗakuna, takardar ado ta kamfanin William Morris, ciki har da mai zanen rumman. A babban falo akwai wata takarda mai kauri da aka yi a Japan, mai ruwan zinariya, wadda aka sarrafa ta yi kama da jemammiyar fata mai zane. Ya sa gilasai masu launi a tagogin baya, wasu da zanen hannunsa. A tagar ɗakin cin abinci ya kafa akwatin gilashi na shuka ganyaye, wanda ake hangowa daga titi. Tangaran masu shuɗi da fari suna jere a kan kantoci, hotuna kuma sun rufe bango har da ƙyar ake ganin takardar da ke bayansu.

Akwai dalili a bayan duhun launukan. Hayaƙin kwal da na fitilar gas yana baƙanta farin bango cikin ɗan lokaci, amma kore mai duhu da ruwan ƙasa suna ɓoye dauɗa. Gilashi mai launi kuma yana shigo da haske, yana kare ido daga kallon bayan gidajen maƙwabta. Akwatin gilashin nan ma yana kare tsiro daga gurɓatacciyar iskar birni.

Gidan wurin sana'a ne kuma. Shekaru da yawa Sambourne yana zane a wani ɓangare na babban falo, sai a 1899 ya mayar da ɗakin yara na sama ɗakin aikinsa. Yakan ɗauki hoton mutum a tsayuwar da yake so ya zana, kuma banɗakin gidan ya mayar wurin wanke hotuna. Dubban hotunan nan suna nan har yau. A 1901 ya gaji John Tenniel a matsayin babban mai zanen Punch.

A nan ne tarihin gidan ya taɓo nahiyarmu. Zanen nan da ɗaliban tarihi suka sani, na Cecil Rhodes ya buɗe ƙafafu, ɗaya a ƙarshen kudancin Afirka ɗaya a Masar, yana riƙe da wayar tangaraho, Sambourne ne ya yi shi a 1892. Shi ne kuma a 1906 ya zana mutumin Kwango da maciji mai kan Sarki Leopold na Beljiyam ya nannaɗe, don nuna zaluncin da ake yi wajen tatsar roba. Wanda ke son sanin irin ɗakunan da aka zauna aka siffanta Afirka ga jama'ar Ingila, a shekarun da ake rabon ƙasashenmu, to ga ɗaya nan an bar shi yadda yake.

Yadda gidan ya tsira

Sambourne ya rasu a 1910, Marion ta bi shi a 1914. Ɗansu Roy, wanda bai yi aure ba, ya ci gaba da zama a gidan har rasuwarsa a 1946, bai sauya wani abin kirki ba. Daga nan gidan ya koma hannun yayarsa Maud, wadda ke da nata gidajen amma ta ƙi rabuwa da na iyayenta, sannan ya kai ga 'yarta Anne, matar mai sarautar Rosse.

A waɗannan shekaru Turawan Ingila sun tsani duk abin da ya shafi zamanin Biktoriya. Suna ganin gine-ginensa munana ne, kayan ɗakinsa tarkace. Dubban gidaje irin wannan an yanyanka su zuwa ƙananan ɗakunan haya, an ciccire murahu, an shafe bango da farin fenti. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun rushe wasu, masu sabunta birane suka rushe wasu.

A ƙarshen 1957 Anne ta tara abokanta a wannan gida ta kawo shawarar a kafa ƙungiyar da za ta kare gine-ginen wancan zamani. A watan Fabrairun 1958 aka kafa Victorian Society a cikin gidan, kuma cikin jagororinta na farko akwai mawaƙi John Betjeman da masanin tarihin gine-gine Nikolaus Pevsner. Da fari ƙungiyar ta sha kaye. Tana ji tana gani aka rushe babbar ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Euston a 1961 zuwa 1962. Amma wannan asara ta farkar da jama'a, kuma da aka yi yunƙurin taɓa tashar St Pancras sai aka tashi tsaye, har aka ba ta kariya mafi girma a 1967. A 1980 Anne ta sayar da gidan da kayan cikinsa ga majalisar birnin Landan, aka buɗe shi gidan tarihi a ƙarƙashin kulawar ƙungiyar. Yanzu yana hannun ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea.

Abin da doka ta tanada

Ingila ta fara tsara jerin gine-ginen da za a kare a dokokin tsara birane na 1944 da 1947, lokacin da ɓarnar yaƙi ta nuna cewa ba a ma san abin da ake da shi ba. Dokar da ke aiki yanzu ta 1990 ce, kuma hukumar Historic England ce ke bincike da ba gwamnati shawara. Gine-ginen da ke jerin sun kusa 400,000, a matakai uku. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suna mataki na biyu. Mataki na ɗaya bai kai kashi 3 ba. Tsakaninsu akwai mataki na biyu mai tauraro, kusan kashi 6, kuma a nan gidan Sambourne yake. Gwargwadon tsufan gini, gwargwadon sauƙin shigarsa jerin. Wanda aka gina bayan 1850 sai an tace shi sosai, domin irinsa suna da yawa.

Shiga jerin ba ya ƙwace gida daga mai shi, ba ya kuma hana zama a ciki ko sayarwa. Abin da yake wajabtawa shi ne neman izinin ƙaramar hukuma kafin a rushe ko a yi sauyin da zai taɓa asalin ginin, ciki da waje, ko da sauya taga ne ko cire murhu. Wanda ya yi gaban kansa ya aikata laifi, hukuncinsa tara ne ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyu. In an nemi rushe wani ɓangare na ginin wancan zamani da ke jerin, dole a sanar da Victorian Society ta faɗi ra'ayinta.

Sai dai dokar tana da iyaka. Tana kare bango da matakala da duk abin da ke manne da gini, amma ba ta hana magada sayar da kujeru da hotuna da takardu. Da Roy ko Maud sun kira dillalai, da yau ɓawon gidan kawai ya rage. Littattafan da Marion ta yi fiye da shekara talatin tana rubuta al'amuran yau da kullum a ciki, da rasiɗai da wasiƙun iyalin, su suka sa masana suka san lokacin da aka yi gyare-gyaren gidan da yadda aka rayu a cikinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: iyali sun riƙe, ƙungiya ta yi fafutuka, hukuma ta saya, doka ta tsare.

Gyara da kulawa

Babban abokin gabar irin wannan gida ruwa ne. Indararo ɗaya in ya toshe, damshi ya shiga bango, katakon daɓe ya ruɓe. Magina na wancan zamani da kwaɓin farar ƙasa suke ɗora bulo. Wannan kwaɓi yana da laushi, yana barin damshi ya fita, yana kuma jure ɗan motsin ƙasa. In aka zo daga baya aka cike tsakanin bulo da siminti mai tauri, sai ruwa ya rasa mafita, ya tsaya cikin bulon, sanyin hunturu ya daskarar da shi ya farfasa fuskarsa. Shi ya sa masu gyaran tsofaffin gine-gine a Ingila suka koma ga farar ƙasa. William Morris, wanda takardarsa ke bangon gidan nan, ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877 a kan ƙa'idar da ake bi har yau: a riƙa kulawa a kai a kai, a gyara abin da ya lalace da irin kayansa na asali, kada a rushe tsoho a ƙera sabo a ce shi ne.

Maginanmu na gargajiya sun san wannan ilimi tun kafin a rubuta shi. Kowa a nan ya ga abin da ke faruwa in aka yi wa bangon tubali filastar siminti: damshi ya taru a baya, wata rana filastar ta ɓamɓaro da rabin bangon. Yaɓen shekara-shekara da makuba su ne kulawar da ginin ƙasa ke buƙata.

Kammalawa

Jama'a, ban kawo muku labarin wannan gida don mu yi sha'awar Landan ba. Abin da nake so mu ɗauka shi ne irin gidan da aka zaɓa aka tsare, da lokacin da aka tsare shi. Gidan mai matsakaicin hali ne, kuma an riƙe shi a daidai lokacin da kowa ke ganin irinsa ba shi da daraja.

Muna da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Muna da Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda aka gina a wajajen shekarun da Biktoriya ta hau mulki. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013, kuma Najeriya tana da hukumar gidajen tarihi tun 1979. Amma akasarin abin da muke karewa fadoji ne da ganuwa da masallatai. Gidan attajirin fatake, gidan malami mai zaure da makaranta, gidan marini ko maƙeri a tsofaffin unguwannin Kano, Katsina, Zariya da Damagaram, su ne ke faɗuwa duk damina, ko a rushe su ranar rabon gado.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu na sashen zanen gine-gine da na tarihi su shiga unguwanni su auna waɗannan gidaje, su zana su, su ɗauki hotunansu, su rubuta abin da dattawan gidan suka sani. Ina kira ga magada su yi shawara kafin su sa diga, su kuma adana takardu da kayan kakanninsu. Ina kira ga masarautu da sarakunan magina su raya sana'ar yaɓe da ɗaurin guga ta hanyar koya wa matasa. Ina kira ga majalisun jihohi su yi dokar da za ta ba gidan talaka mai tarihi kariya, tare da tallafin gyara ga mai shi, don kada kariyar ta zame masa nauyi. Kowannenmu ya san aƙalla gida ɗaya a unguwarsu da ya cancanci wannan kulawa, to mu fara da shi kafin damina mai zuwa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da muka gada.